Ga 'yar'uwar da aka danƙa wa shari'ar riƙon yara

Barista, tambayarki ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, domin ni ma haka na fito daga makarantar horon lauyoyi ta Bagauda, aka miƙa mini fayil ɗin khul'i da riƙon yara ba tare da wani ya nuna mini yadda ake gudanar da shi ba. Kin tambayi inda ake samun horo a aikace, kuma amsata ita ce bencin kotun shari'a. Ki riƙa zuwa kina zama ko da ba ki da ƙara, kina sauraron yadda alƙali yake tantance mudda'i (mai da'awa) da mudda'a alaihi (wanda ake da'awar a kansa), domin a nan ake gane wanda kawo hujja ya rataya a wuyansa.

Babban lauyan da na fara aiki a ƙarƙashinsa ya tsara ƙarar wata baiwar Allah kamar za a je Babbar Kotu, ya sa ta a matsayin shaidar kanta, ya turo ni da safe, shi kuwa ya tafi sabgarsa. Alƙali ya tambaye ni ina shaidunmu, tunda maganar mai ƙara da'awa ce, ba shaida ba. Matar tana kuka da goyo a baya, dangin miji suna murmushi, ni kuwa ina tsaye. Da muka koma ofis, a gabanta ya ce ni ne ban iya aiki ba, kuma har na bar wurin bai taɓa neman afuwata ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Ki nemi malamin da zai karantar da ke Tuhfa, littafin hukunce-hukuncen alƙalanci na Malikiyya, musamman babin hadana, wato riƙon yara. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke riƙon namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, amma idan uwar ta auri bare, haƙƙin yakan koma wa mahaifiyarta. Kada ki yarda a yanke hukunci ba a yi i'izari ba, wato alƙali ya tambayi mai shari'a ko yana da sauran hujja, domin ana rushe shari'a a kansa idan an ɗaukaka ƙara. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999, mai bayanin hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, shi ma ki san shi sosai.

Ki girmama rajistaran kotu, ya fi wasu manyanmu sanin aikin. Kafin komai kuma ki tambayi irin auren da aka ɗaura, domin rikicin auren rajista yana ƙarƙashin dokar ƙararrakin aure ta 1970 ne, Babbar Kotu ake kai shi. Allah ya dafa miki, ki faɗa mana ranar da aka sa za a zauna.