Tambaya da Amsa: Taki ya ƙaru, masara ta ragu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin masara ne a Soba. Shekara huɗu ke nan ina samun taki mai rangwame ta ƙungiyarmu, kowace damina ina ƙara buhu, amma amfanin sai baya yake yi. Ƙasar ta yi tauri, wuta-wuta ta cika gonar. Ina tsoron tallafin nan ne ke kashe min gonar gado. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tsoronka yana kan hanya, domin gonarka ta gaji. Sai dai laifin ba na takin ba ne. Laifin na tallafin da ke zuwa da buhu ne ba tare da malamin gona a bayansa ba, wani lokaci ma sai masara ta fara goyo buhun ke iso wa manomi, bayan an gama wahalar da shi da cike takardu.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne maganar da nake ji kullum daga Giwa har Saminaka, wai "ƙasa ta saba da taki, sai an ƙara mata." Wa ke yaɗa ta? Yawanci mai shagon da cinikinsa ke nan, wanda bai taɓa taka gonarka ba. Buhun takin yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin. Na sha tsayawa a gona ina kallon yaro da kwano yana watsa shi a kan kunya da rana tsaka, fari fat kamar gishiri. Wanda aka bari a fili haka, wani kaso iska ke kwashe shi, in ka sunkuya za ka ji warin yana tashi. In ruwa mai ƙarfi ya sauka, ya wanke wani ya kai rafi, daga nan sai kogin Galma. Ragowar kuma, shekara bayan shekara, yana sa ƙasa tsami, ƙasa mai tsami kuwa tana riƙe sinadarin da saiwa ke nema ta hana shi. Sai masara ta yi ja, sai a ce maka ƙara buhu. Ka biya kuɗi ka ɓata ruwan da mutanen da ke gangaren rafin ke sha, ka kuma raunana gonar da 'ya'yanka za su gada. Wallahi abin yana ƙona min rai, kuma amana ce da za a tambaye mu.

Taurin ƙasar kuwa alama ce ta rashin ruɓaɓɓen abu a cikinta. In kana ƙona kara ko kwashe shi duka, ka bari, ka kuma kai takin gida tun da rani.

Bana raba gonar biyu, rabi ka sa waken suya. Yana ƙara wa ƙasa naitirojin, kuma wasu irinsa na sa ƙwayar wuta-wuta ta tsiro ta mutu don ba ta samu abin kamawa ba. Wadda ta fito ka tuge ta kafin ta yi fure. Ka nemi irin masara mai jure mata, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irinsu. A rabin masarar, a sa takin kamfa (wato NPK) cikin sati 2 da shuka, yuriya wajen sati na 5 zuwa 6, a tona ɗan rami gefen tushe a rufe, lokacin da ƙasa ke da danshi. Kafin ka sayi ko buhu ɗaya, ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na gonar ka kai a gwada, tun da Samaru ba ta da nisa da kai.