Ɗana Bai Fara Magana Ba: Ta Ina Zan Fara da Hotuna da Alamun Hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya cika shekara 4, amma kalmominsa ba su wuce uku ba. In yana son abu sai ya ja ni da hannu, in ban gane ba ya fashe da kuka. Malamarsa ta ce mu gwada hotuna da alamun hannu, kakarsa kuma ta ce hakan zai sa ya ƙi magana gaba ɗaya. Wasu sun ce Hausa da Yarbanci da Turanci ne suka rikita shi.
Wata uwa, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya raya shi. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, alama ba ta hana magana, muddin duk sanda kika yi ta kina faɗin kalmar da baki. Jin harsuna uku ma ba ya ɗaure harshen yaro.

Kafin komai a auna jinsa, a sashen kunne na asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja, ki kuma nemi a haɗa ki da mai gyaran magana. Yaro kan waiwayo in an buga ƙofa alhali ba ya rarrabe kalmomi.

A gida, fara da abubuwa 5 da ransa ke matuƙar so, kamar ruwa, biskit, koko, waya da fita waje. Kada ki fara da "na gode" ko "don Allah", domin ba abin da suke kawo masa a hannu. Ki ɗauki hoton kofinsa na gaske da wayarki, shi kaɗai a kan farin zane, a wanke miki shi girman tafin hannu, a rufe da leda saboda yawu da maiƙo. In hoto bai yi masa ma'ana ba tukuna, ki yi amfani da kofin kansa ko ledar biskit ɗin.

Koyarwar farko tana son mutum biyu. Ki zauna gabansa da biskit, hoton yana tsakaninku, kada ki ce komai. Da ya miƙo hannu, wanda ke bayansa ya kama hannun a hankali, ya sa shi ɗaukar hoton ya miƙa miki. Nan take ki ce "biskit", ki ba shi ɗan gutsure, don a samu maimaitawa kamar sau 10. Kullum na bayan ya riƙa rage taimako. Sai ya ƙware da hoto ɗaya za ki ajiye masa biyu ya zaɓa. Wannan tsarin musayar hoto a Amurka aka ƙirƙiro shi a 1985.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gaggawa. Ki ƙirga 10 a zuci kafin ki taimaka. Uwa takan ga shirun ya yi tsawo, shi kuwa a lokacin yake haɗa abin a kansa. Sai kuma mai da abin jarrabawa, a yi ta "mene ne wannan?" har ya gaji ya ture hotunan. Kada ki ɓoye su a durowa don kar su lalace, ki rataye su daidai tsayinsa, ki yi wasu na jakar makaranta. In koko ya ƙare, bar hoton a wurinsa, ki juya tafin hannu ki ce "babu".

Alamun hannun kuwa, ki tsayar da guda ɗaya ga kowace kalma, ki koya wa babansa da yayyensa da malamarsa, kowa ya faɗi kalmar da harshen da ya saba yi masa.