Ka rera ta kafin ka kai ta taro

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce baitocinka suna shan yabo a Facebook, amma ranar da ka karanta su a wani taro nan Sakkwato sai jama'a suka koma latsa waya, kana tambaya ko laifin masu sauraro ne. Ba nasu ba ne. Ni ma na taɓa shan wannan kunyar.

A zauren wata makaranta ne, na je da waƙa ƙwar biyar, wato mai layi biyar a kowane baiti, mai baiti 20, amsa-amonta, wato dacewar sautin ƙarshen layuka, bai kuskure ko sau ɗaya ba, ina ta jiji da kai. Akwai wani dattijo a layin gaba yana kaɗa ƙafa a hankali yana bin karin. A baiti na uku ƙafar ta tsaya, ba ta sake motsi ba har na sauka. Da aka tashi ya yafito ni ya ce, "Yaro, ka rera ta kafin ka kawo ta?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "Shi ya sa take ɗingishi."

Sai daga baya na gane nufinsa. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, mai nauyi da marar nauyi, irin awon arulin Larabci. Boko kuwa ba ya nuna tsawon wasali. Rubuta "gari" na mutane da "gari" na tuwo, ido zai ga abu ɗaya, alhali gaɓar farko ta na tuwo doguwa ce. Ajami yana da hanyar nuna wannan, boko ya ɓoye shi, don haka takarda takan yaudare ka. Mu Sakkwatawa ma da ƙarin aiki: in ka rubuta "zuwa" amma bakinka ya saba da "zakkuwa", ka ƙara wa ɗangon, wato layin baitin, nauyi ba ka sani ba. Zaɓi ɗaya tun wajen rubutu. Ni dai Sakkwatancina nake bari, ya fi zauna mini a baki.

Garin nan da kunne ya san waƙa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajojinta, wato matan da ta horar su riƙa koyarwa, haddace waƙoƙinta suke yi su kai wa 'yan taru, mata ɗalibansu, a ƙauyuka da baki. Mutanen da suka gaji wannan ba za ka riƙe su da karatu irin na labaran rediyo ba.

Masu waƙar zamani marar amsa-amo ba na faɗa da su, wasu suna burge ni ƙwarai, sai dai wanda ya ajiye kari dole muryarsa ta biya bashin.

Abin da nake yi yanzu: bayan sallar isha'i, in an ɗauke wuta zafi ya koro mu waje, sai in zauna kan tabarma in rera sabuwar waƙa cikin waya, in saurara da safe. Duk inda numfashina ya sarƙe ko na ja wasalin da ba ya jawuwa, nan ɗangon ya karye. Daga nan in gwada ta a teburin mai shayin unguwarmu, inda ba a san kara ba. Kuma a taro kada ka wuce baiti 10 ko 12.

Ɗauki sautin baiti uku na waccan waƙar ka turo mana nan, mu ji inda take ɗingishi.