Dukushina na gudun linzami, in sa masa bulala?

Tambaya: Malam, wata huɗu ke nan da na sayi dukushi ɗan shekara uku. Da ya hango linzami sai ya ɗaga kai sama ya ja da baya, har ya kusa tsinke igiya. In aka ɗaura sirdi kuwa sai tutsu. 'Yan barga sun ce taurin kai ne, in sa masa linzami mai kaifi in haɗa da bulala da ƙaimi, sati biyu zai lanƙwasu. Ga shi ina son hawansa ranar Hawan Daushe na bana. Yaya zan yi? (Wani mai karatu daga Kano)

Amsa: Ƙanena, ajiye bulalar nan tukuna. Abin da ka kwatanta tsoro ne, kuma ina kyautata zaton da ciwo a ciki.

Fara da bakinsa. Daga shekara 2 da rabi zuwa 4 da rabi doki yana cikin famfara, haƙoran nono na zubewa, na girma na fitowa, dasashi na zafi. Linzami kuwa yana zama ne a giɓin da ke tsakanin haƙoran gaba da na tauna, inda fata ce siririya a kan ƙashi. Namu na gargajiya mai zoben nan, ja ɗaya yake danna ganɗa da haɓa lokaci guda. Kira likitan dabbobi ya duba masa baki. Kai kuma ka shafa gadon bayansa da tafin hannu, in ya lotsa ko ya kwantar da kunne, sirdin na cin sa.

'Yan barga ba ƙarya suka yi ba, duka na sa doki ya yi shiru cikin sati biyu. Amma tsoron na nan kwance. Na ga wani da aka hora haka, lafiya lau a gida, ranar hawa 'yan bindiga na sakin wuta ya yi taɓarya, wato ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya faɗo ta baya, mahayin ya kwana a asibiti. Har yau tausayin dokin nake ji.

Ga yadda nake yi. Rataye linzami, ka koma ragama kawai. Kada ka zo masa ta tsakiyar fuska, don idanun doki a gefe suke, yana ganin kusan duk kewayensa ban da daidai goshinsa da bayan wutsiyarsa. Tsaya a kafaɗarsa ta hagu, ɗora hannu a ƙeyarsa bayan kunnuwa, ka ɗan danna kaɗan, ka jira. Zai ɗaga kai, zai girgiza, kai dai kada ka ƙara ƙarfi, kada kuma ka cire. Da zarar ya sauke kai ko da faɗin yatsa ne, ɗauke hannunka nan take. Sakin nan shi ne karatun. Daga gare shi doki ke gane ya yi daidai, kuma in ka makara ko da ƙiftawar ido biyu ne, wani abu dabam ya koya. In ka ga ya sauke numfashi, yana lasar leɓe yana ɗan tauna, kunnuwa sun saki, to hankalinsa ya kwanta. Tsaya nan, ka bar shi ya huta. Minti 15 da safe, 15 da yamma sun isa. Ran da kake cikin fushi kada ma ka shiga barga.

Sai ya riƙa sauke kai da kansa sannan ka kawo linzami mai sauƙi, ka shafa masa ɗan zuma. Sirdi ma haka: jalala tukuna, wato shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, ya shinshina, ka ɗora ka sauke sau da yawa. Majayi kuma, wato abin da ke ɗaure sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, a ja shi kaɗan, a zaga da dokin, a ƙara ja.

Wani abin da masu doki ke sakaci da shi: ya zama kai ne mai kai masa harawa da dusa da kanwa, kai ne mai goge masa jiki kana yi masa magana. Doki na gane murya da takun mai kula da shi. Wanda ya bar wa yara komai, sai ranar kilisa ya zo da ƙaimi, baƙo ne a wurinsa.

Zancen Hawan Daushe kuwa, bana ka haƙura. Ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6, ga nauyin kayan ado, ga tsayuwar yini cikin rana. Nemi aron tsohon doki da ya saba. Dukushin kuma, tun kafin Sallah in an fara fita kilisa, a riƙa jan sa da ragama gefen wani dattijon doki mai natsuwa, ya ji kakaki da algaita daga nesa. In ya firgita a ƙara nisa, in ya sunkuya yana cin ciyawa a matsa kusa kaɗan.