Koya wa yara sunayen saurin kiɗa na Italiyanci

Malama, kin ce ɗalibanki a Agege suna haddace adagio da allegro, washegari su manta. Ki bar allo tukuna, ki kama damina, tunda Legas ba ta rasa ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba. Su riƙa buga tebur da yatsu: yayyafi shi ne adagio, kusan bugu 70 a minti, in ruwa ya kankama allegro, 120 zuwa sama, kamar da bakin ƙwarya kuma presto. Yana ƙaruwa accelerando, yana ɗaukewa ritardando.

Andante kuwa a ƙafa ake jinsa, ki zagaya fili da su a tafiyar natsuwa. Da hunturu ki gayyato mai kalangu, yara su kira suna, shi ya canza sauri. Kalma biyu a mako sun ishe su.