Na Ga Shatin Duka a Jikin Ɗalibata, Ina Tsoron Kai Rahoto

Tambaya: Barista, ni malama ce a makarantar firamare. Wata yarinya 'yar shekara 8 a ajina ta zo sau biyu da shatin duka a wuya da bayan kunne. Ta daina wasa, kuma da zarar an ɗaga hannu sai ta zabura. Jiya ta fara ba ni labari, sai ta ce kada in faɗa wa kowa. Ba ni da hujja, kuma ina tsoron iyayenta su maka ni a kotu kan ɓata suna.

Amsa: Malama, doka ba ta nemi hujja daga gare ki ba. Abin da ake nema shi ne zato mai tushe, wato abin da duk mai hankali zai gani ya ce akwai matsala. Tono gaskiya aikin jami'an jin daɗin jama'a ne da 'yan sanda da likitoci.

Zatonki kuwa yana da tushe. Yaro mai guje-guje yakan ji rauni a gwiwa, ƙauri, gwiwar hannu ko goshi. Wuya, kunne, ciki da bayan cinya wurare ne da faɗuwa ba ta cika kaiwa ba, shi ya sa likitocin yara ke tsayawa a kansu. Ga sauyin hali, ga kuma maganar da ta fito daga bakinta.

Sashe na 19 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya ɗora wa ƙasashe kare yaro daga duka, sakaci da lalata, ko a hannun iyayensa ne, kuma ya ambaci kai rahoto da bincike. Sashe na 16 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yara ta 1990 ma haka ya ce. Yadda ake aiwatarwa ne ya bambanta: a Amurka kowace jiha ta wajabta wa malamai kai rahoto, wasu ƙasashen kuma sun bar shi ga ƙa'idar wurin aiki. Ki duba dokar inda kike da takardar ɗaukarki aiki.

Batun ɓata suna shi ne ya fi hana mutane barci, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Wanda ya kai damuwarsa ga hukumar da ke da alhakin sauraro, da kyakkyawar niyya, ba tare da ƙari ba, yana da kariya mai ƙarfi ko da bincike ya wanke iyayen. Wanda ya baza maganar a ɗakin malamai ko ya ɗora hoton yarinya a Facebook, shi ne ya buɗe wa kansa ƙofar shari'a, ya kuma tona asirin yarinyar.

Yau ɗin nan ki rubuta abin da kika gani: rana, lokaci, wurin raunin, da kalamanta kamar yadda ta furta su, ba fassararki ba. Ki sa hannu. Kada ki titsiye ta da tambaya irin "Babanki ne ko?" Na sha ganin lauyan wanda ake tuhuma ya rusa shari'a da cewa malama ce ta sa wa yaro magana a baki. "Me ya faru?" ya isa. Kada ki tuɓe mata kaya don dubawa, kada kuma ki tunkari iyayen, domin idan mai dukan yana gidan, ita za ta ɗanɗana kuɗarta da dare.

Alƙawarin rufa asiri kuma, ba naki ba ne ki ɗauka. Ki gaya mata a hankali cewa ta kyauta da ta faɗa, ba laifinta ba ne, kuma za ki sanar da wanda zai taimaka kawai.

Ki miƙa rahoton a rubuce ga shugaban makaranta ko jami'in kare yara, ki riƙe kwafi. Idan aka yi biris, ko aka ce a rufe don martabar makaranta, ko shugaban ne ake zargi, ki wuce kai tsaye ofishin jin daɗin jama'a ko wurin 'yan sanda. Idan kuma ta ambaci lalata, asibiti ne farko: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki.