An rage mana albashi don a ceci aiki, yanzu kuma mu ƙanana za a fara sallama

Salamu alaikum Yaya Lauya. Ni 'yar Nima ce, ina aiki a kanta wajen duba tikiti da auna kaya a filin jirgin sama na Accra, shekara 2 da wata 4 kenan a wani kamfanin jirgi. Bara yuniyan ɗinmu suka zauna da manajoji suka yarda a zaftare kashi 20 cikin 100 na albashinmu, aka cire alawus ɗin dare, wai don kar a kori kowa. Muka haƙura. Yanzu sai ga takarda wai za a rage ma'aikata, kuma wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita. Manyanmu da suka sa hannu babu wanda abin zai taɓa. An ce in zo ranar Litinin in sa hannu in karɓi cek. Ni ke riƙe da mamana da ƙannena biyu, kuɗin hayan da na biya ya kusa ƙarewa. Dan Allah ina da mafita?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ranar Litinin ki je, ki gaisa da kowa cikin mutunci, ki karɓi takardar, amma kar ki sa mata hannu a wurin. Ki ce za ki tafi da ita gida ki karanta. Irin wannan takarda sau da yawa akwai layi ɗaya can ƙasa da ke cewa kin karɓi duk haƙƙinki, ba ki bin kamfani ko fesuwa ɗaya, toh in kika sa hannu a kan wannan kin ɗaure hannun duk lauyan da zai taimake ki daga baya.

Yanzu bari in faɗa miki mai ɗacin tukuna. Yarjejeniyar da yuniyan ta yi ta hau kanki, ko kin je taron ko ba ki je ba, ko kin ɗaga hannu ko kin ƙi. Dokar ƙwadago ta Gana, wato Act 651 ta 2003, sashe na 105 ya ce yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin yuniyan mai riƙe da satifiket na ciniki da kamfani tana aiki a kan duk ma'aikatan da ke rukunin, kuma sharuɗɗanta sun zama tamkar an rubuta su cikin kwantiragin kowane ma'aikaci. Saboda haka maganar "ni ban yarda a rage min albashi ba" ba za ta kai ki ko'ina ba. Haka kuma rage ma'aikata saboda kamfani ya shiga matsi halal ne a doka, sashe na 62 ya lissafa shi cikin dalilan sallama da aka yarda da su, in dai an bi hanya.

Amma wannan sashe na 105 ɗin wuƙa ce mai baki biyu. Yadda ya ɗaure ki haka ya ɗaure kamfani. Yuniyan ba ta bayar da kashi 20 a banza, akwai abin da aka ce za a ba ta, ku an faɗa muku da baki wai ba za a kori kowa ba, tambayar ita ce an rubuta? In an rubuta cewa babu sallama har zuwa wata kaza, ko har ƙarshen yarjejeniyar, wannan alkawarin ya zama haƙƙinki ke da kanki, kuma kamfani ya karya kwantiragi in ya sallame ki kafin lokacin. In kuwa abin da aka rubuta shi ne kamfani "zai yi iya ƙoƙarinsa", toh gaskiya an sayar muku da iska. Shi ya sa aikinki na farko shi ne ki samo kofin yarjejeniyar, ta asali da wadda aka yi bara da duk wata ƙaramar takarda da aka liƙa mata. Ki rubuta wa sakataren reshenku wasiƙa, ba saƙon WhatsApp kaɗai ba, ki sa kwanan wata, ki riƙe kofi. Kuɗin yuniyan ana cire miki duk wata, ba alfarma kike roƙo ba.

Abin da ke ci min rai a irin wannan ciniki shi ne ƙaramin ma'aikaci yana biya sau biyu, wani lokacin ma sau uku. Ya biya da albashinsa, ya biya da aikinsa, sannan a zo lissafin kuɗin sallama a yi shi a kan albashin da aka riga aka zaftare. Ki ɗauka misali albashinki sidi 3,000 ne kafin a rage, ya koma 2,400, aka ce za a ba ki albashin wata 2 a kan kowace shekara. A kan tsohon albashi shekara 2 sidi 12,000 ne, a kan sabon 9,600, kinga 2,400 ta tafi shiru babu wanda ya ce uffan, albashin wata guda cur. Ga kuɗin fansho na SSNIT ma, kashi 13 da kamfani ke zubawa da 5.5 da ake cire miki duk a kan albashi ake lissafa su, da ya ragu su ma sun ragu. Wannan ba sabon abu ba ne a harkar jirage, a Amurka tun 1983 matuƙan American Airlines suka yarda da tsarin albashi hawa biyu, tsofaffi su riƙe nasu, sabbin shiga a biya su ƙasa sosai. Masu zama a teburin ciniki yawanci su ne tsofaffin hannu, ba lallai mugunta ba ce, amma kowa garwashin wuta yake ja wa nasa kifin.

Shi kuma tsarin wanda ya shigo ƙarshe ya fara fita, ki sani ba ya cikin Act 651. Doka ba ta ce a yi haka ba, ba ta kuma hana ba. In yana cikin yarjejeniyarku sai a bi shi, amma a bi shi daidai. Ki zauna da biro da takarda ki rubuta sunayen 'yan sashenku da ranar da kowa ya fara aiki. In akwai wanda ya shigo bayanki aka bar shi, dole kamfani ya faɗi dalili. Ki duba kuma daga yaushe suke ƙirga miki shekaru, domin da yawa an fara ɗaukarsu a matsayin na wucin gadi, kuma sashe na 75 ya ce wanda ya yi wata 6 a jere wa mai aiki ɗaya ana ɗaukarsa ma'aikacin dindindin ne. In aka zaɓi mace saboda ciki ko hutun haihuwa, ko aka zaɓi mutum saboda addininsa ko ƙabilarsa ko don ya cika magana a taron yuniyan, wannan sallamar zalunci ce a ƙarƙashin sashe na 63.

Sai hanyar da doka ta shimfiɗa. Sashe na 65 ya wajabta wa kamfani ya rubuta wa Babban Jami'in Ƙwadago da yuniyan aƙalla wata 3 kafin canjin, ya faɗi dalili, mutum nawa, wane rukuni, da yaushe, sannan ya zauna da yuniyan a nemi yadda za a kauce wa sallamar ko a rage ta. Ki tambayi yuniyan yaushe wannan wasiƙar ta iso musu. In babu ita, ko makonni kaɗan ne da zuwanta, kin samu abin riƙewa mai ƙarfi. Kuɗin sallama kuwa doka ba ta yanke adadi ba, ta ce a yi ciniki tsakanin kamfani da ma'aikaci ko yuniyan, kuma lafazin sashen ya ambaci rufe kamfani ne da sake masa tsari da haɗe shi da wani, shi ya sa wasu kamfanoni ke ƙoƙarin zamewa su ce ai mu ba mu rufe ba. A nan ma abin da yarjejeniyarku ta rubuta kan kuɗin sallama shi ne garkuwarki. Abu ɗaya ki duba a takardar ɗaukarki aiki, in kwantiragi ne mai wa'adi, ko har yanzu kina lokacin gwaji, sashe na 66 ya fitar da irin waɗannan daga wannan kariyar.

Ban da kuɗin sallama, kina bin albashin kwanakin da kika yi, kuɗin hutun da ba ki ci ba, da notis ko kuɗin notis. In kuma takardar bara ta ce ragin na ɗan lokaci ne za a mayar daga baya, toh wannan bashi ne, dole ya shiga lissafi.

In da ni ce ke, ba zan tafi ni kaɗai ba. Ki tara sauran ƙananan da sunansu ya fito, ku rubuta wa yuniyan takarda ɗaya ku duka ku sa hannu, ku nemi a lissafa kuɗin sallama a kan albashin kafin ragi, a mayar muku da abin da aka zaftare tunda aikin da aka ce za a ceta bai cetu ba, a kuma rubuta cewa in kasuwa ta dawo ku za a fara kira da shekarunku na baya. Wannan na ƙarshen kar ku raina shi, kin ga yadda aka rufe filin jirgin a Maris 2020 aka buɗe ranar 1 ga Satumba, harkar jirgi tana faɗuwa tana tashi. Amma kuɗi a hannu ya fi alkawari, waɗanda suka yi aiki a Ghana Airways da ta durƙushe a 2004 sun san wannan, don haka kar ku yarda a biya ku kaɗan-kaɗan ba tare da rubutattun ranaku ba. Kuma dan Allah kar zafin rai ya sa ku ajiye aiki ku ce yajin aiki, sufurin jirgin sama na cikin ayyukan da doka ta kira muhimmai ta hana musu yaji, za ku miƙa wa kamfani dalilin korarku babu ko sisi.

In yuniyan ta yi kunnen uwar shegu, ko aka kasa daidaitawa, ki kai ƙorafi Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, a nan Accra. Ke da kanki kina iya rubutawa. Tana da ikon yanke rigimar kuɗin sallama, kuma in ta ga an sallame ki ba bisa ƙa'ida ba tana iya cewa a mayar da ke ko a biya ki diyya. In kina buƙatar lauya babu kuɗi, ki je Hukumar Legal Aid. Ki tafi da takardar ɗaukar aiki, takardun albashi na kafin ragi da na bayansa, bayanin asusunki na SSNIT, wasiƙar sallamar, da kofin yarjejeniyar, duk ki ɗauke su hoto a waya tun yau kafin a rufe miki imel ɗin ofis. Ki gaida min Mama, ki ce mata ta sa mu a addu'a.